Fox News ce mai gaskiya ko CNN? Amsa ga wani ƙanena na Garwa

Wani ƙanenmu daga Garwa ya turo min wannan ta WhatsApp, ga ta a taƙaice: "Salamu alaikum Malam, dan Allah ka raba mana gardama. Ni da yayana kullum muna musu a shago, shi yana cewa Fox News ce kaɗai ke faɗin gaskiya a Amurka, CNN da sauran duk maƙaryata ne masu ƙin Trump, kullum yana turo min guntayen bidiyo da aka fassara da faransanci. Ni kuma na ji an ce an ci Fox tarar maƙudan kuɗi saboda ƙarya. Tunda aikinka ne Malam, wanne ne gaskiya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Toh maganar kuɗin da ka ji gaskiya ce, sai dai ba tara ba ce wadda gwamnati ta ci su, sulhu suka yi da wani kamfani da ya maka su a kotu, suka biya dala miliyan 787.5 ranar 18 ga Afrilu 2023, in ka juya shi zuwa sefa a farashin lokacin ya haura miliyar 470. Zan zo kan wannan dalla-dalla don a nan zancen yake. Amma kar ka yi saurin zuwa ka ce wa yaya ka ci shi, don yana da gaskiya a gefe ɗaya, CNN ma ba wankakkiya ba ce, kawai dai laifin nasu ba iri ɗaya ba ne kuma ba girma ɗaya ba.

Fara da sanin wa ya kafa ta. Rupert Murdoch ne ya buɗe Fox News a Oktoba 1996, wanda ya ɗora a kanta kuma shi ne Roger Ailes, mutumin da kafin nan aikinsa shi ne gyara wa 'yan takarar jam'iyyar Republican hoto a tele, ya yi wa Nixon a 1968, ya yi wa Reagan, ya yi wa Bush uba a 1988. Kaga tun daga tushe an san inda aka dosa. Hujjarsu ita ce manyan kafofin Amurka duk sun karkata hagu, masu ra'ayin riƙau da masu riƙo da coci da mutanen ƙauyuka ba su da mai magana da yawunsu, kuma gaskiya wannan koke ba na banza ba ne, mutane miliyoyi suna jin haka har yau, shi ya sa tun 2002 ta wuce CNN a yawan masu kallo kuma ta riƙe gaba shekara da shekaru. Takensu na farko yana cewa su masu adalci ne da daidaito, sun ajiye shi a 2017.

Mu nan mun saba da CNC a Kamaru ko HAMA a Chadi, hukumar da ke iya dakatar da shiri ko ta rufe tasha, sai mutum ya ɗauka can ma haka ne. A'a. A Amurka an taɓa yin wata ƙa'ida tun 1949 da ke tilasta wa rediyo da tele su kawo ɓangarori biyu a kan batun da ake jayayya, an soke ta a 1987, kuma ko lokacin da take raye ba ta shafi tashoshin da ake biya ta waya ba irin su Fox da CNN. Saboda haka tasha ta ɗauki ɓangare ba laifi ba ne a dokarsu. Ni ma a nawa ganin ɗaukar ɓangare kaɗai ba shi ne abin kunya ba, jarida tana iya cewa ni ga aƙidata, in dai abin da ta ce ya faru ya faru ɗin.

Sai abu na biyu wanda yawancin masu musu a shago da majalisa ba su lura da shi, Fox gida biyu ce a ƙarƙashin rufi ɗaya. Da rana akwai masu kawo labari, 'yan jarida na gaske masu zuwa wurin da abu ya faru. Da dare kuwa, daga wajen ƙarfe 7 zuwa 11 agogon New York, lokacin mu nan tsakar dare ne muna barci, sai masu sharhi su karɓe, irin su Sean Hannity da Laura Ingraham, da Tucker Carlson kafin a sallame shi, waɗannan ra'ayinsu suke faɗa kuma su ne ke tara jama'a, su ne ke kawo kuɗi. Guntayen bidiyon da ke yawo a wayoyinmu kusan duk daga wannan gidan na dare ake yanko su, an cire farko an cire ƙarshe, wani ya ɗora fassara a kai ba ka san ko ya ji turancin da kyau ba, ga tambarin tashar a kusurwa, sai mai kallo ya ɗauka jurnal ne.

Yanzu mu zo kan abin da ya ja musu biyan kuɗin. Daren zaɓen 3 ga Nuwamba 2020, wajen ƙarfe 11 da minti 20 a can, mu nan ana shirin sallar asuba, teburin ƙididdiga na Fox ɗin da kanta ya riga kowace tasha sanar da cewa Joe Biden ya ci jihar Arizona, jihar da rabon da ɗan Democrat ya ci ta tun 1996. Kuma sun yi daidai, da aka gama ƙirga Biden ya ci da ratar ƙuri'a dubu 10 da 'yan ɗari. Wato aikin jarida mafi ƙarfin hali a daren nan Fox ce ta yi shi. Me ya biyo baya? Mutanen Trump suka fusata, magoya baya suka taru suna zagin tashar, masu kallo suka fara guduwa zuwa wata ƙaramar tasha Newsmax wadda ita ke gaya musu abin da suke son ji, cewa an sace zaɓe. Hankalin shugabannin Fox ya tashi. Kamar mai shayi ne da ya saba wa mutanensa da sukari har cokali ya tsaya, ranar da ya rage don lafiyarsu sai ya ga duk sun koma teburin gaba, toh ko ya daure ko ya koma zubawa. Fox ta koma zubawa.

Suka shiga gayyato wasu lauyoyi biyu na ɓangaren Trump, Sidney Powell da Rudy Giuliani, a shirye-shiryen Maria Bartiromo da Lou Dobbs da Jeanine Pirro, suna cewa na'urorin zaɓe na kamfanin Dominion an ƙera su ne don juya ƙuri'u, wai suna da alaƙa da Venezuela da marigayi Hugo Chávez, wai sun kwashe ƙuri'un Trump sun ba Biden. Dominion ta kai ƙara a jihar Delaware a Maris 2021 tana neman dala biliyan 1.6. A shari'ar Amurka kuwa kafin a zauna kowane ɓangare dole ya miƙa takardunsa da saƙonninsa na ciki, a nan ne aka yi walƙiya aka ga kowa. Saƙonnin waya da imel suka fito fili. Tucker Carlson ya rubuta wa Laura Ingraham cewa Sidney Powell ƙarya take yi. A wani saƙon na farkon Janairu 2021 ya ce yana ƙin Trump ƙi mai tsanani, mutumin da miliyoyi ke kallo a matsayin babban mai kare shi. Da wata wakiliyarsu Jacqui Heinrich ta rubuta a Twitter cewa babu hujjar da ke nuna na'urorin sun canza ƙuri'a, Carlson ya tura wa Hannity saƙo yana cewa a sa a kore ta, tana cutar da kamfani, farashin hannun jari yana faɗuwa. Ka lura da kyau ƙanena, bai ce ta yi ƙarya ba, cewa ya yi tana ja musu asara. Ɗaya daga cikin manyan editocinsu na Washington, Bill Sammon, ya rubuta cewa abin mamaki ne yadda raguwar masu kallo ke sa 'yan jarida nagari su aikata mummunan abu, shi da Chris Stirewalt da ke cikin waɗanda suka tsaya kan sanarwar Arizona duk sun bar tashar a Janairu 2021, Stirewalt korar sa aka yi.

Akwai wani abu a cikin takardun nan da wallahi duk lokacin da na koyar da shi ga yara masu koyon aiki sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Hujjar da Powell ta tura wa Bartiromo kafin hirarsu ta 8 ga Nuwamba, imel ne daga wata mata da ta rubuta da hannunta a cikin wasiƙar cewa iska tana yi mata magana tana gaya mata ita fatalwa ce. Wannan takarda tana hannunsu, sun gan ta, kuma aka kunna kamara aka bar zargin ya fita zuwa gidajen mutane miliyoyi. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai, ko na ƙaramin rediyon unguwa ne, ya san cewa in irin wannan ta zo maka ajiye ta kake yi ka nemi wata majiya. Shi kansa Murdoch da aka rantsar da shi ya amsa cewa wasu daga cikin masu shirye-shiryensa sun goyi bayan labarin satar zaɓen, ya kuma amsa cewa yana da ikon hana a ci gaba da kawo lauyoyin nan amma bai hana ba.

Me ya sa suka biya maimakon su tsaya a yi shari'a? Tun hukuncin kotun ƙolinsu na 1964 da waɗanda suka biyo bayansa, kafin sanannen mutum ko makamancinsa ya ci jarida a shari'ar ɓata suna sai ya nuna ta san ƙarya ce ta buga, ko ta yi ko oho da gaskiyar. Wannan shinge ne mai tsawo, yawancin masu ƙara a nan suke faɗuwa. Amma ga saƙonni nan da hannunsu, kuma alƙali Eric Davis ya riga ya yanke tun kafin zama cewa a fili yake ƙarara babu ko ɗaya daga cikin maganganun da aka yi kan Dominion da ke gaskiya. An riga an zaɓi masu taya alƙali yanke hukunci, ana jiran a fara, sai aka sanar da sulhu. Fox ta fitar da 'yar sanarwa cewa ta amince da abin da kotu ta gano na cewa wasu maganganun ƙarya ne, amma ba ta fito a allo ta ba masu kallonta haƙuri ba. Bayan kwana 6 aka sallami Carlson. Wani kamfanin kuma, Smartmatic, tun Fabrairu 2021 ya shigar da tasa ƙarar ta dala biliyan 2.7, washegari aka soke shirin Lou Dobbs.

Nan bari in ɗan tsaya, don na san mu. Kar wani ya karanta wannan ya ce ashe duk mai kukan an yi maguɗin zaɓe maƙaryaci ne, a'a, mu da muke Kamaru da Chadi ba sai an ba mu labarin zaɓe ba. Abin da ya sa nake kiran na Amurka na 2020 ƙarya shi ne an bincika. An kai ƙara sama da 60 ba su yi nasara ba, har a gaban alƙalan da Trump da kansa ya naɗa. Jihar Georgia da ta yi amfani da na'urorin Dominion ɗin ta sake ƙirga takardun ƙuri'a kusan miliyan 5 da hannu, sakamako bai juya ba. Ministan shari'ar Trump, William Barr, ya fito a Disamba 2020 ya ce ba su ga maguɗin da zai canza sakamako ba. Inda aka bari aka buɗe akwati aka sake ƙirgawa a gaban kowa daban ne da inda ba a bari ba.

Wani abin da zai taimake ka da bidiyoyin yaya. A ƙarshen 2019 wata mata Karen McDougal ta kai ƙarar Fox kan abin da Carlson ya faɗa a kanta, kariyar da lauyoyin Fox suka kawo ita ce mai kallo mai hankali ba ya ɗaukar maganar Carlson a matsayin labari tsantsa, ya san akwai ƙari da zuzutawa a ciki, kuma alƙaliya ta karɓi wannan ta kori ƙarar a 2020. Lauyoyinsu ne fa suka faɗa ba maƙiyansu ba. Don adalci, ita ma Rachel Maddow ta tashar MSNBC mai karkata hagu da irin wannan hujjar ta tsira a wata ƙarar a shekarar.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na musulmi, kuma shi ne ke ba ni mamaki in na ga ɗan'uwa yana rantsuwa da tashar nan. Na gane dalilin, mutanenmu da yawa suna jin daɗinta ne saboda tana sukar auren jinsi da zubar da ciki, sai su ga ai tamu ce. Toh amma a duba sauran. A Janairu 2007 shirinsu na safe ya yaɗa cewa Obama ya yi karatu a wata makarantar masu tsattsauran ra'ayi a Indonesiya yana yaro, CNN ta tura wakili har Jakarta ya shiga makarantar, ya tarar makarantar gwamnati ce ta kowa da kowa. A Janairu 2015 bayan harin Paris, wani da suke kira masani, Steven Emerson, ya ce birnin Birmingham na Ingila gaba ɗaya na musulmi ne wanda ba musulmi ba ba ya shiga, har firaministan lokacin David Cameron ya kira shi cikakken wawa, suka kuma nuna taswirar Paris da unguwannin da wai ba a shiga saboda musulmi, waɗanda ke kallon Canal+ a lokacin za su tuna yadda shirin Le Petit Journal ya bi unguwannin da kamara yana tambayar mutane, magajiyar garin Anne Hidalgo ta ce za ta kai ƙara, daga baya tashar ta fito ta ba da haƙuri sau da yawa a rana ɗaya. A Maris 2019 Jeanine Pirro ta tambaya a shirinta ko hijabin 'yar majalisa Ilhan Omar alama ce ta bin abin da ya saɓa wa tsarin mulkin Amurka, tashar ta yi tir da maganar, aka daina ganin ta na mako biyu, sannan ta dawo.

Akwai kuma sukar da ake mata ta cewa tsakaninta da masu mulki babu katanga. A zaɓen 2000 wanda ke jagorantar teburin ƙididdigarsu John Ellis ɗan'uwan ɗan takara George W. Bush ne na jini, kuma Fox ce ta fara ba Bush jihar Florida cikin dare, sauran suka bi, daga baya duk suka janye. A Nuwamba 2018 Hannity ya hau dandamalin kamfe tare da Trump a Missouri. Ranar 6 ga Janairu 2021 da magoya bayan Trump suka afka wa majalisa, Hannity da Ingraham da Brian Kilmeade suna ta tura wa shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Mark Meadows, saƙo a ɓoye cewa ya sa Trump ya ce wa mutane su koma gida, ba a san da wannan ba sai da kwamitin majalisa ya karanto saƙonnin a Disamba 2021. A 2025 kuma Pete Hegseth daga shirin safiyar ƙarshen mako na Fox ya zama ministan tsaro. Ɗan jarida ya koma siyasa ba sabon abu ba ne, ko nan muna gani, amma wanda da dare yake ba shugaba shawara ta waya da safe kuma ya zauna gaban kamara kamar ɗan kallo, wannan ya ci amanar mai kallo.

Duk da haka ba zan ce maka duk wanda ke ciki ɗan farfaganda ba ne. Shepard Smith ya sha ƙaryata maganganun Trump a kan allon Fox ɗin kafin ya tafi a 2019, Chris Wallace yana cikin masu tsananin tambaya a Amurka har ya bar su a ƙarshen 2021, kuma ƙuri'ar jin ra'ayi da sashensu ke yi ko abokan hamayya suna girmama ta. Sai dai ka ga inda irin waɗannan suke ƙarewa, ƙofa.

Toh CNN fa, inda yaya ke da gaskiya. A 2016 an gano Donna Brazile, mai sharhi a tashar kuma jigo a jam'iyyar Democrat, ta tsegunta wa mutanen Hillary Clinton tambayoyin da za a yi a zauren muhawara, tashar ta raba gari da ita. A Yuni 2017 suka buga labari kan wani na kusa da Trump, Anthony Scaramucci, da wani asusun Rasha, suka janye shi, ma'aikata 3 suka ajiye aiki. Chris Cuomo yana gabatar da babban shirinsu na dare yana kuma taya yayansa gwamnan New York Andrew Cuomo shirya kariya daga zargin da mata ke masa, sai Disamba 2021 aka kore shi. Shugabansu na lokacin Jeff Zucker ya amsa da bakinsa a 2016 cewa sun yi kuskuren nuna tarukan Trump da yawa kai tsaye ba tacewa, kuma kowa ya san dalili, yana jawo masu kallo. Mu 'yan Afirka ma muna da namu ƙorafin, a 2015 da Obama zai je Kenya suka kira ƙasar matattarar ta'addanci, 'yan Kenya suka taso musu a intanet har wani babban jami'insu ya tashi takanas zuwa Nairobi ya ba shugaba Uhuru Kenyatta haƙuri. Game da Gaza kuwa ba sai na faɗa maka yadda mutanenmu ke ji da su ba.

Amma ban yarda a ce duk kanwar ja ce a tashi ba, wannan hanyar gudun tunani ce. A yawancin na CNN da na lissafa, an yi kuskure ko son kai, asiri ya tonu, aka janye labari ko wani ya rasa aikinsa. A na Dominion kuwa waɗanda suka faɗi gaskiya ne suka rasa aiki, waɗanda suka san ƙarya ce suka ci gaba makonni, kuma dalilin a rubuce yake, tsoron kar masu kallo su gudu. Kuɗin irin waɗannan tashoshi yana zuwa ne daga talla da kuma kason da kamfanonin rarraba tashoshi ke biyan su a kan kowane mai abonema duk wata, ƙarfinka a wajen ciniki shi ne jama'ar da za su yi bore in an cire ka. Wanda ya gina gidansa a kan fushin jama'a, ranar da gaskiya ta saɓa wa fushin nan ba shi da inda zai sa kansa. Ni a wurina wannan ne babban laifin Fox, ya fi karkatarta zuwa dama nauyi nesa ba kusa ba.

Kuma kar ka ɗauka abin na can nesa ne. A cikin dekodarmu akwai CNews ta rukunin Canal+, wadda ta koma hannun attajiri Vincent Bolloré, a da sunanta i-Télé, ma'aikatanta suka yi yajin aiki na wata guda a 2016, da yawa suka tafi, aka canza mata suna a 2017, a Faransa ma da Fox ake kwatanta ta. Ita ce ta ba mai sharhin nan ɗan tsattsauran dama Éric Zemmour kujera kullum daga 2019 har ya fito takarar shugaban ƙasa, kuma a 2021 hukumar sa ido ta ci ta tarar yuro dubu 200 kan abin da ya faɗa game da yara 'yan gudun hijira. Salon ɗaya ne, teburi, mutum huɗu ko biyar, batun baƙi da musulunci da tsaro ana ta juya shi, don zaunar da masu surutu ya fi tura wakili da kamara araha. Ko muhawarorin ranar Lahadi na tashoshin Duwala da Yawunde in ka zauna ka kalla da idon basira za ka ga ƙamshin abin, wa aka gayyato, wa aka ba minti goma, wa aka katse.

Wanda ya fi duk waɗannan wuyar kamawa shi ne abin da ba a faɗa ba. A ɗakin labarai kowace safiya ana zama a kan teburi, labarai sun fi lokaci yawa, edita yana riƙe da biro yana cewa wannan ya hau farko, wannan a ba shi sakan talatin, wannan a bar shi sai gobe, goben da ba ta zuwa. Babu wanda ya yi ƙarya a zaman nan, amma mai sauraro a Marwa ko Kusiri zai kwana da duniyar da biron nan ya zana masa. A 2003 masu bincike a jami'ar Maryland sun tambayi Amurkawa abu uku kan yaƙin Iraƙi, ko an samu makaman ƙare dangi, ko an samu hujjar haɗin Saddam da Alƙa'ida, ko duniya ta goyi bayan yaƙin, duk ukun amsarsu a'a ce. Cikin masu dogaro da Fox kashi 80 cikin 100 sun yi kuskure a aƙalla ɗaya, na CNN kashi 55, masu bin rediyo da tele na jama'a kashi 23. Ka ga CNN ɗin ma ba ta fita ba.

A Satumba 2020 kuma wasu malaman jami'a biyu, David Broockman da Joshua Kalla, suka ɗauki ɗaruruwan masu kallon Fox na yau da kullum suka riƙa biyan su dala 15 a kowace awa don su kalli CNN a maimakonta na tsawon wata. Mutanen ba su bar jam'iyyarsu ba, amma sun ji labaran da ba su taɓa ji ba musamman kan cutar korona da yadda gwamnati ta tafiyar da ita, kuma da yawa sun fara yarda cewa in Trump ya yi abu mara kyau Fox ba za ta faɗa musu ba. Da aka daina biya suka koma tasharsu, bayan wata biyu da aka sake tambayar su yawancin canjin ya gushe.